Yadda ake gasa burodin alkama na cin mutum ɗaya, ko da babu oben

Tambaya biyu ce ke yawan zuwa daga masu dafa wa kansu abinci, ɗalibai ne ko ma'aikatan da aiki ya kai wani gari. Ta farko, me ya sa burodin da suka yi da garin alkama yake fitowa a dunƙule da nauyi kamar bulo. Ta biyu, yaya za a rage awo, tunda yawancin bayanan da ake samu na ciyar da gida guda ne, kafin mutum ɗaya ya ci rabi sauran ya yi fumfuna. Awon da ke nan na ƙaramin burodi ɗaya ne, yanka 8 zuwa 10, wanda zai kai mutum kwana biyu ko uku. Da kwaɓin nan ɗin kuma ana iya yin gurasa 4 a kasko idan ba a son zaman gashi.

Abu ɗaya za a riƙe tun daga farko: garin alkama mai dusa ya fi fulawa shan ruwa, kuma a hankali yake sha. Wanda ya ba shi ruwan fulawa da lokacin fulawa, shi ne yake ƙarewa da burodi mai tauri.

Kayan da za a tanada

Roba ko kwano mai murfi na kwaɓi, rariya, cokalin shayi da cokalin cin abinci, gwangwanin madarar ruwa guda ɗaya wanda aka yanke bakinsa aka wanke don awo, ƙaramin gwangwanin gashi mai tsawon kamar santimita 17, ko ƙaramin kwanon silba. Wanda ba shi da oben zai ƙara da tukunya mai kauri mai murfi mai kama baki, da yashi mai tsabta. Sikelin kicin ba dole ba ne, amma idan akwai shi ya fi gwangwani gaskiya.

1. Sayen alkama

A sayi tsaba a kai niƙa, ya fi sayen garin da ba a san ranar da aka niƙa shi ba. Alkamar da ake nomawa a Arewa ta rani ce, ana shuka ta wajen Nuwamba zuwa Disamba a wuraren ban-ruwa irin su Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, a girbe ta wajen Maris zuwa Afrilu. Bayan girbin ne take yawa a kasuwa, sabuwa kuma da sauƙin kuɗi. Tsaba tana daɗewa a ajiye, don haka wanda ya samu hali ya sayi ta wata biyu ko uku a lokacin bai yi asara ba.

A ɗebo a tafin hannu a duba. Ƙwayar ta zama cikakkiya mai tauri, babu huji, babu gari-gari a ƙasan kwano, domin garin nan alamar ƙwaro ce. A sansana, idan akwai warin danshi a bar ta.

Wajen lissafin kuɗi, mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka a yi da kilo: kilo ɗaya na alkama yana ba da burodi 4 irin wannan. A raba kuɗin kilo da na niƙa gida huɗu, a ɗora na yis da mai da wuta, shi ne kuɗin burodi ɗaya. Gurasar kasko ba ta cin wuta kamar burodi, shi ya sa ta fi araha.

Hattara: a tambayi mai hatsi ko an sa wa alkamar maganin ƙwari. Wadda take warin magani kada a saye ta, tunda da ɓawonta za a ci.

2. Gyarawa da niƙa

A tsince, a bakace, a wanke, a rege tsakuwa da ƙwarya yadda ake yi wa shinkafar gida. Kada a jiƙa ta, wanki ne kawai na minti biyu ko uku. A shanya a tire ko tsabtataccen zane a rana har ta bushe ƙarau. Gwajinta shi ne a ciji ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa a ƙara mata wuni.

Kada a surfa. Surfe yana cire dusar, ita kuwa dusar ce ta sa ake kiran garin cikakke.

A kai injin busasshen niƙa, a gaya wa mai inji gari ake so mai laushi sosai, ya maimaita sau biyu ko uku. Wannan matakin ya fi yadda ake zato muhimmanci. Dusa mai manyan ɓarɓashi tana tsinka danƙon kwaɓi, sai iskar da yis yake fitarwa ta riƙa zurarewa maimakon ta ɗaga burodin. Idan injin ya gama niƙa barkono ko citta, a sa a fara wuce da ɗan hannu ɗaya a ware shi daban.

Mutum ɗaya kada ya niƙa fiye da kilo ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda. A cikin ƙwayar alkama akwai ɗan tsiro mai mai a jikinsa, da an niƙa sai man ya fara tsufa, a zafin ƙasarmu kuwa cikin mako uku zuwa huɗu garin yana iya fara warin tsohon mai da ɗaci. Fulawa ba ta yin haka da wuri saboda an cire mata wannan ɓangaren.

Hattara: gari yana fitowa daga inji da zafi. A baza shi a tire ya huce tukuna kafin a rufe. Idan aka ƙulle shi a leda da zafinsa zai yi gumi ya dunƙule.

A tankaɗe don a fitar da ƙaiƙayi da duk wani abin da ba na ci ba, amma dusar da ta tsaya a rariya a mayar da ita cikin garin. A zuba a roba mai murfi, nesa da murhu da rana. Mai firiza ya sa shi can, zai yi watanni lafiya.

3. Awo

Garin alkama gwangwani 3, wato kusan giram 250.
Ruwa gwangwani 1 da cokalin cin abinci 2, kusan mililita 190.
Yis na gari cokalin shayi 1.
Gishiri cokalin shayi 1, a shafe bakinsa.
Man gyaɗa cokalin cin abinci 1.
Zuma ko sukari cokalin cin abinci 1.

Wajen awon gari, a riƙa zuba shi cikin gwangwanin da cokali, a shafe baki da bayan wuƙa. Idan aka cusa gwangwanin cikin garin aka danno, zai ɗauko fiye da kima, awon ruwan kuma ya tashi a banza.

Mai farawa zai fi samun sauƙi idan ya yi gwangwani 2 na alkama da 1 na fulawa, ya rage ruwan da cokali ɗaya. Burodin zai fi tashi, hannu kuma ya saba da kwaɓin kafin a koma alkama zalla. Ba ha'inci ba ne, ɗanɗanon alkamar yana nan.

Yis kuwa a sayi ƙananan ƙulli na kamfani da ba a buɗe ba. Babban fakiti na giram 500 ba na mutum ɗaya ba ne, zai mutu kafin a ci rubu'insa. Wanda aka buɗe a naɗe bakinsa a sa a kwalba mai murfi, a firiji idan akwai. Idan ana shakkarsa, a zuba shi a ruwan ɗumi cokali 3 da ɗan sukari, a jira minti 10. Ya yi kumfa, yana da rai. Bai yi ba, a zubar, kada a ɓata gari. Ruwan gwajin nan a cire shi daga cikin awon ruwan.

4. Jiƙa garin kafin murzawa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba burodi mai laushi da mai tauri.

A zuba gari da ruwa kaɗai a roba, a bar cokali 2 na ruwan a gefe. A juya da cokali ko hannu har babu busasshen gari, ba tare da murzawa ba. Zai yi kama da abin da bai haɗu ba, yana manne wa yatsu. A rufe a bar shi minti 30. A wannan lokacin dusar tana shan ruwa ta yi laushi, danƙo kuma yana haɗuwa da kansa. In an dawo za a tarar kwaɓin ya canza, ya rage mannewa, yana ɗan miƙewa idan an ja.

Hattara: a minti biyar na farko kwaɓin zai yi kamar ruwa ya yi masa yawa. Kada a ƙara gari. Duk cokalin garin da aka ƙara a nan, a cikin burodin zai fito da tauri.

Zafin ruwa ya danganta da lokaci. Da hunturu a yi amfani da ruwa mai ɗumin jiki, wanda za a sa yatsa a ji daɗi. Da bazara ruwan randa ya wadatar, ya ma fi, domin zafin gari kaɗai ya ishi yis.

5. Murzawa

A narkar da yis da zuma a ruwan da aka ajiye, a zuba a kan kwaɓin, a barbaɗa gishiri, a cuɗa da hannu har su shige. Sannan a sa mai. Ruwan da ya kai zafin da hannu ba ya jurewa yana kashe yis, a kiyaye.

A shafa ɗan mai a tire da tafin hannu maimakon barbaɗa gari. A tura kwaɓin da gindin tafin hannu, a ninko shi, a juya, a sake turawa, na minti 6 zuwa 8. Ba a buƙatar ƙarfi, kuma da yake an jiƙa shi ba ya son dogon murza. Alamar ya yi: samansa ya yi santsi, yana ɗan kama hannu amma yana saki, idan an danna da yatsa yana dawowa. Ba zai taɓa yin sulɓin kwaɓin fulawa ba, kada a jira hakan.

Alkama ba iri ɗaya ba ce, wani garin ya fi wani shan ruwa. Idan kwaɓin yana tsagewa a gefe yayin ninki, a jiƙa hannu da ruwa a ci gaba, sau biyu ko uku. Idan kuma bayan minti 5 har yanzu yana malala ba ya tsayuwa, a ƙara gari cokali ɗaya kacal a gani.

6. Tashi na farko

A mayar da shi roba, a rufe da murfi ko leda. Ƙyalle busasshe ba ya hana iskar hunturu busar da samansa, ɓawon da ya yi kuwa yana hana tashi.

Da bazara minti 40 zuwa 50 sun isa, da sanyi yana iya kai awa ɗaya da rabi ko biyu. A duba kwaɓin, ba agogo ba. Ana so ya kusa ninka girmansa. Garin alkama ya fi fulawa saurin tashi kuma ya fi saurin gajiya: idan aka bar shi ya wuce, zai yi tsami, ya saki, a wajen gashi kuma ya faɗa ta tsakiya. Kada a ajiye shi cikin rana don a gaggauta shi. Da sanyi a sa robar kusa da tukunyar ruwan ɗumi, ya isa.

7. Naɗawa da tashi na biyu

A shafe gwangwanin gashi da mai har kusurwoyi. A juye kwaɓin a tire, a danna shi a hankali ya yi faɗi, faɗinsa daidai da tsawon gwangwanin. A naɗe shi daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, ana ɗan matsawa a kowane juyi don kada a bar rami a ciki, a tsuke bakin da yatsu, a sa shi cikin gwangwani bakin yana ƙasa. Ya kamata ya cika rabin gwangwanin ko ya ɗan ɗara. Gwangwanin da ya yi masa girma zai ba da burodi shimfiɗaɗɗe.

A rufe da ledar da aka shafa wa mai. Wannan tashin ya fi na farko sauri, minti 25 zuwa 45. A gwada da yatsa mai ɗan mai: idan ramin ya cike nan take, da saura. Idan yana dawowa a hankali ya bar ɗan gurbi, lokacin gashi ya yi. Idan bai dawo ba sam, an makara, a gasa shi nan da nan a haka.

Hattara: a kunna wuta tun kwaɓin yana rabin wannan tashin. Kwaɓin da ya gama tashi ba ya jiran tukunya ta yi zafi.

8. Gashi

Mai oben ya sa digiri 200, ya bar shi ya yi zafi minti 15, ya gasa a tsakiya minti 28 zuwa 32. Idan saman ya fara duhu da wuri, a rage zuwa 180. Zuma tana sa shi saurin yin ja, kuma launin alkama kansa yana ruɗin ido, sai a ɗauka ya gasu alhali cikinsa da saura.

Wanda ba shi da oben, ga yadda tukunya take yi. A zuba busasshen yashi mai kaurin yatsu biyu a gindin tukunyar. A tankaɗe shi tukuna, karon farko kuma a ƙona shi shi kaɗai minti 20 don warin ƙasa ya fita. Gishirin girki ma yana yin aikin yashin, kuma ana ajiye shi a sake amfani da shi. A ɗora wani abin ƙarfe a kan yashin, kamar gwangwanin kifi da aka wanke aka cire masa takarda, don gwangwanin burodin ya zauna a sama kada ya taɓa yashin. A rufe, a bar ta a matsakaiciyar wuta minti 15. Idan aka buɗe aka miƙa hannu a tsakiyar tukunyar, ba tare da taɓa komai ba, aka kasa wuce daƙiƙa 4 ko 5, ta yi zafi.

A sa burodin, a rufe, a rage wuta kaɗan. Minti 20 na farko kada a buɗe, duk buɗewa tana fitar da zafin da aka tara. Gaba ɗaya yakan ɗauki minti 35 zuwa 45.

Matsalar tukunya ita ce zafinta daga ƙasa yake, sai gindi ya ƙone sama yana fari. Mai gawayi ya fi kowa sa'a a nan: ya rage garwashin ƙasa, ya ɗebi kamar rabinsa ya zuba a kan murfin, in murfin na ƙarfe ne marar roba. Mai gas ko risho ya jira minti 30 su cika, ya zare burodin daga gwangwani da tsumma, ya kifa shi a kan abin ƙarfen, ya ƙara minti 8 zuwa 10.

Hattara: kada a yi wannan da tukunya mai fenti, ko mai baƙin shafen nan da ba ya kama abinci, ko mai murfin gilashi. Zafi ba ruwa yana lalata su. Gawayi kuma a waje ake hura shi ko inda iska ke ratsawa, ba a rufaffen ɗaki ba, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Don sanin ya gasu, a fitar da shi a ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, a ji yana amsawa kamar babu komai a ciki. A soka tsinke a tsakiya ya fito a bushe. Idan ana kokwanto, ƙarin minti 5 ya fi ragi.

9. Hucewa

A fitar da shi daga gwangwani nan take, a ɗora a kan abin da iska za ta shiga ta ƙasa, ko cokula biyu ne aka gicciya. A bar shi awa ɗaya. Cikinsa yana ƙarasa nuna da tururin da ya rage, wanda ya yanka da zafi zai tarar da shi yana dandanƙewa a wuƙa ya ɗauka bai gasu ba. Mai son ɓawo mai laushi ya shafa masa ɗan mai ko bota yana fitowa.

10. Idan gurasa ake so

Bayan tashi na farko, a raba kwaɓin gida 4, a mulmula, a faɗaɗa kowanne da hannu ya kai faɗin tafin hannu da kaurin ɗan yatsa. A rufe minti 15. A ɗora kasko mai kauri a matsakaiciyar wuta ba mai, a sa guda, a rufe da murfi, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Ba za ta yi ƙamshin ta tanderu irin ta Jakara a Kano ba, amma tana ɗaukar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa yadda ya kamata, tana kuma shiga miya.

Ga mutum ɗaya wannan hanyar ta fi dacewa da ranakun aiki. Mai firiji yana iya gasa biyu yau, ya shafa wa sauran kwaɓin mai ya rufe ya sa a ciki har kwana biyu, ya fitar da shi minti 30 kafin gashi. Inda wutar lantarki ba ta zama, a gasa duka a lokaci guda, gasasshe ya fi ɗanye jure zafi.

11. Ajiya

Burodin gida ba shi da maganin hana lalacewa. Sai ya huce sarai za a sa shi a leda ko roba, in ba haka ba gumi zai jawo fumfuna. Da hunturu yana kwana uku, matsalarsa bushewa ce. Da damina da bazara a lissafa kwana biyu. Firiji yana hana fumfuna amma yana sa shi tauri da wuri. Firiza ta fi: a yanka tukuna, a riƙa ɗaukar yanka biyu ana ɗumamawa a kasko.

Akwai wata lalacewa da take samun burodin alkama a lokacin zafi wadda ba fumfuna ba ce. Tsakiyarsa sai ta yi laushi tana yauƙi, idan an raba ana ganin zare-zare, da wari mai zaƙi-zaƙi irin na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Wasu ƙwayoyin cuta ne da suke zuwa tare da hatsi, zafin gashi ba ya kashe irinsu. Wannan burodin a zubar da shi, a wanke roba da wuƙa da gwangwani da ruwan zafi da binega. Maganinsa a gaba: a gasa sosai, a bar shi ya huce da wuri a sarari, da bazara kuma a sa cokalin shayi ɗaya na binega a cikin ruwan kwaɓi, ba a jin ɗanɗanonsa.

Wanda ya yi fumfuna ko a gefe ɗaya ne a zubar da shi duka, saiwarta tana ratsa cikin burodi fiye da inda ido yake gani. Wanda ya bushe kawai kuwa bai lalace ba: a yayyafa masa ruwa kaɗan a sa a kasko a rufe minti 2, ko a tsoma a ƙwai da ɗan gishiri da albasa a soya da mai cokali ɗaya.